Tsanukan da Suka Ɓace a Shagon Ya Hajara

Idan ka sauka daga keke a bakin Umarari ka ce a nuna maka inda ake buga takarda, mutum uku za su nuna maka shago uku. Amma ka ce musu takardar ta fili ce, ko ta kotu, ko irin wadda ɗigo ɗaya zai raba ka da ɗan'uwanka, to duk su ukun wuri ɗaya za su miƙa hannu: shagon Ya Hajara, mai koren ƙyaure, a gindin dalbejiya. Shagon kuwa bai kai ya kawo ba. In mutum biyu suka shiga, na ukun sai dai ya leƙo ta taga.

Abin da ke jan mutane ba girman shago ba ne, suna ne. Duk unguwar an san maganar: Ya Hajara ba ta yar da ɗigo. Shekara ashirin da bakwai tana buga wa mutane takarda, ba a taɓa dawo mata da ko ɗaya an ce ga inda ta tsallake ba. In aka faɗi haka a gabanta sai ta ce, "A'a, wanda ba ya kuskure sai Allah." Kada ka yarda da ita. Maganar har cikin ranta take yi mata daɗi, kuma in ka lura za ka ga ta gyara zaman tabarau.

Mahaifinta, Malam Ibrahim Khalil, Bakano ne da ya zo sarin hula, ya ga gari ya yi masa, ya zauna a Limanti. Nan aka haife ta, ta tashi da Hausa a cikin gida, Barbarci a waje. Da ta gama sakandare ya kai ta koyon tafireta wajen wata malama mai zafin rai, wadda take lulluɓe wa ɗalibai hannu da tsumma tana cewa ido na takardar mai aiki ne, yatsu su nemi hanyarsu da kansu. Har yau haka Ya Hajara take aiki. Idonta na kan rubutun da aka kawo, yatsunta na zuba, ba ta ɗago kai sai ta kai ƙarshen shafi. Ta fara da tebur ɗaya a bakin kotu. Tafireta ta mutu, kwamfuta ta zo, ta koya. Shekarun da gari ya zauna babu wuta ta ɗora sola a kan rufi ta ci gaba. Abu ɗaya ne bai canja ba, wata tsohuwar rula ta katako. Duk abin da ta buga sai ta ɗora rular a kai ta bi shi layi-layi daga sama zuwa ƙasa, sannan ta sake bi daga ƙasa zuwa sama, kafin ta miƙa wa mai shi.

Tana da wani hali kuma, wanda mijinta ya gaji da magana a kai ya haƙura: ba ta iya ganin abu ba ta tambaya ba. Ta taɓa tsare wani ɗalibin likitan dabbobi awa guda cur, wai sai ya yi mata bayanin yadda cikin raƙumi yake, don kawai ta ga zanen a kundin da ya kawo. Yaron ya fita yana share gumi.

To, wannan halin ne ya ja mata.

Bayan ambaliyar da ta ci unguwanni da dama a gari, wata Talata da hantsi, wani tsoho dogo ya tsaya a ƙofarta da sanda a hannu ɗaya, leda a ɗayan. Baba Dzarma ke nan. A badujalar 'yan sanda ya yi aikinsa, da ya yi ritaya kuma ya tara 'yan kasuwa da kanikawa da teloli, Musulmi da Kirista, ya kafa tasa. Shekara talatin suna busa wa makarantu ranar wasanni, suna raka ango, suna sallamar wanda ya bar aiki. Yanzu yanar ido ta rufe masa gani, sai dai kunnen nan nasa, Allah ya kiyaye, ko sauro ya sauya murya sai ya ji.

Ya buɗe ledar ya fito da littafi da ya sha ruwa ya kumbura kamar burodi.

"'Yata, an ce ke ce ba ki yar da ɗigo."

"Haka suke faɗa, Baba. Me ke nan?"

"Waƙoƙina ne, guda shida, da rabon kowane ƙaho. Da hannuna na rubuta. Ruwa ya taɓa su, tawadar tana gudu, ni kuma ba na gani balle in sake. Sati uku ya rage mu yi wa wata firamare wasa."

Ta buɗe. Babu harafi ko ɗaya da ta sani. Layuka biyar-biyar ne a jere, da wasu ƙwayoyi baƙaƙe da farare sun hau kansu, wasu da jela, wasu babu. Mai hankali da sai ya rufe ya ce a gafarce shi, ba layinsa ba ne. Ita kuwa sai ta jawo kujera.

"Zauna, Baba. Wannan mai jelar, me ya raba shi da wancan?"

Ranar ba ta yi wani aiki ba. Baba Dzarma ya yi mata karatu irin wanda yake yi wa kanikawansa. Kowace ƙwaya sauti ce, inda ta zauna a layi shi ne tsayin muryarta. Layin da ya sauko a tsaye ya yanke sauran, bango ne. Abin da ke tsakanin bango da bango, ɗaki ne. Sai ta ɗora yatsa a kan wasu 'yan ƙananan alamomi da ke tsugune a gaban wasu ƙwayoyin.

"Su kuma waɗannan? Wannan kamar tsani, wannan kamar ludayi."

Tsohon ya yi dariya har da buga sanda. Ya ce su shaf da fulat suke ce musu, amma nata sunan ya fi. Tsani yana ɗaga muryar ƙwaya rabin taki, ludayi yana sauke ta rabin taki.

"Rabin taki kawai? Har a yi masa alama?"

"Rabin takin nan, 'yata, ya sha hana ni barci."

Maƙwabcinta Malam Tahir, mai gyaran waya, shi ya samo mata manhajar rubuta kiɗa ya saka mata a kwamfuta, ya ce iyakar saninsa ke nan, kada ta tambaye shi komai. Kwana huɗu tana fama da ita. Da farko da linzami take ɗora ƙwayoyin ɗaya-ɗaya, abin ya ishe ta, ta ce wannan ai aikin tsintar tsakuwa a shinkafa ne. Sai ta gano cewa kowace ƙwaya tana da maɓallinta, tsani da nasa, ludayi da nasa. Shi ke nan, ta samu hanya! Ta kafa ido a littafin Baba, yatsu suka kama aiki kamar yadda suka saba, ko allon kwamfutar ba ta kallo.

Abin da ya fi ba ta mamaki shi ne, na'urar tana iya rera abin da aka rubuta. Ranar da ta gama ta aika aka ɗauko Baba, ta zaunar da shi, ta danna. Ɗan lasifikan kwamfutar ya fara fitar da waƙar da siririyar murya. Tsohon ya sunkuyar da kai, yatsansa na bugun gwiwa. Waƙa shidan duk ya saurara. Da ta ƙare ya ɗago, ya ce, "Daidai. Ko ni na busa, iyakarta ke nan."

A nan ne Ya Hajara ta yi abin da ba ta taɓa yi ba. Ta dubi rularta, ta dubi tarin shafukan, ta tuna gobe Asabar ce ranar gwajinsu, ta ce a ranta wace rula ce za ta fi kunnen Baba Dzarma? Ta buga takardun ta miƙa masa da ɗuminsu.

Litinin da safe tana cikin buga wa wani akawun lauya takardar rantsuwa, mutum biyu na jira a benci, sai ga Chibueze ya diro daga keke. Shi ne mai busa ƙahon gaba a badujalar, kayan gyaran janareta yake sayarwa, haifaffen garin nan ne, Hausa a bakinsa kamar ruwa. Mutumin kirki ne, sai dai bai san magana a hankali ba. Tun daga bakin titi ya fara.

"Hajiya! Kin cinye mana shaf! Shekaranjiya mun zama abin dariya, kowa na busa nasa kamar awaki sun ga kura. Baba har ya zauna ya dafe kai. Muka duba, ashe rabin alamomin babu su. In ba ki iya ba ai sai ki ce ba ki iya ba!"

Ya zube takardun a tebur ya tafi. Akawun lauyan ya dubi takardar da take buga masa, ya dube ta, ya ce ko za ta bari ya ɗan sake karantawa tukuna. Bai taɓa faɗin haka ba. Wallahi da mari ya kai mata da ya fi mata sauƙi. Kafin azahar maganar ta kai bakin masu shayi, kafin la'asar wata ƙawarta ta bugo daga Limanti tana tambaya wai da gaske ne.

Ta rufe ƙyaure rabi, ta ɗauko fensir. Ta ƙirga tsani da ludayi a littafin Baba, duk waƙa shidan, duk rabon ƙahoni: ɗari biyu da goma sha huɗu. Ta ƙirga a nata bugun: ɗari da hamsin da ɗaya. Sittin da uku babu su. Ɗaya ko biyu, to, ɗan Adam ne. Amma sittin da uku? Ita da yatsunta suke tuna kowane dannawa? Kuma in babu su, yaya aka yi na'urar ta rera daidai har Baba ya yarda?

Wannan tambayar ta ƙarshe ita ta hana ta kuka. Haushi na cinta, amma son sani ya fi haushin ƙarfi. Ta buɗe sabon shafi a manhajar, wannan karon ta zuba wa allon ido. Ta ɗora ƙwaya, ta sa mata tsani. Ga shi nan ya fito. Ta sake ɗora irin ƙwayar a gefenta, a layi ɗaya, ta danna tsani. Shiru, babu shi. Ta sake dannawa da ƙarfi kamar maɓallin ne ya yi taurin kai. Babu. Ta ɗora ta uku, haka. Sai ɗakin ya cika, bango ya sauko, ta shiga ɗaki na gaba, ta ɗora ƙwayar, ta danna. Tsani ya fito tsaf.

"Ikon Allah," in ji ta, ita kaɗai a shago.

Ta gwada da ludayi, hali ɗaya. Ta gwada wata ƙwaya daban a ɗaki ɗaya, tata alamar ta fito. Ta sa na'urar ta rera, ta kasa kunne iya iyawarta, ta ji kamar ƙwayoyin nan marasa alama da mai alamar duk murya ɗaya suke fitarwa. Wato na'urar ta karɓi abin da aka ba ta, ta adana, ta ƙi nunawa ne kawai. Ba ɓata ta yi ba, dokarta take bi. Amma dokar wa?

Ta ɗauki kwamfutar a jaka ta hau keke sai gidan da Baba Dzarma yake zaune wajen ɗansa tun bayan ruwa. Ta same shi a inuwa, ya amsa gaisuwarta a sanyaye. Ba ta tsaya kare kanta ba. Ta ce, "Baba, tambaya na zo yi. In ƙwaya ta sami tsani a farkon ɗaki, 'yar'uwarta ta biyo ta a ɗakin nan, dole ne ita ma a sa mata?"

Tsohon ya ɗago kai. Sai bakinsa ya fara rawa, sai dariya ta ƙwace masa, ya yi ta yi har tari ya sarƙe shi, jikarsa ta kawo ruwa.

"Kai, Dzarma, ka tsufa! 'Yata, na'urarki ta yi makaranta. Haka dokar take a ko'ina, haka aka koya mana a bariki. Alama ɗaya ta wadatar har a fita ɗakin. Kamar sallama ce, in ka shiga ɗaki sau ɗaya kake yi."

"To ku me ya sa kuke maimaitawa?"

"Ni na ɓata su." Ya share hawayen dariya. Ya ce lokacin da ya tara mutanensa, ba wanda ya taɓa ganin takardar kiɗa. Mutum ya wuni a ƙarƙashin mota ko a bakin kanti, sau ɗaya a sati zai riƙe ƙaho, ka ce kuma ya riƙa tuna alamar da ya wuce a baya? Sun yi wata uku suna faɗuwa a wuri ɗaya. Sai ya ce to, bari ya yi musu irin gaisuwar garin nan, kowa a bi shi da tasa wushe-wushe. Duk ƙwayar da ke son tsani ya sa mata nata a gabanta, ko sau goma ta zo a ɗaki. Wadda ba ta da komai, a busa ta yadda take. Shekara talatin a haka, har su suka ɗauka dokar duniya ce, shi kuma da ya ƙirƙiro ta ya manta shi ya ƙirƙiro.

"Da ina gani da kallo ɗaya zan gane. Aka ce min alamomi sun ɓace, na ce to, ta gaza. Na zalunce ki, 'yata."

Ya Hajara ta ji wani abu ya sauka daga ƙirjinta. Amma ba ta tashi ba sai da ta tambaya wanne za a gyara, mutanen ko na'urar. Baba ya ce Ba'ana mai babban ƙaho ya haura sittin, tun yana noma a Konduga yake zuwa gwaji a bayan akori-kura, ba yau za a sauya masa karatu ba. In na'urar tana jin magana, a roƙe ta.

Washegari Chibueze ya dawo. A ba shi haƙƙinsa, da muryar da ya yi zargi da ita ya ba da haƙuri, a bakin titin nan dai, har masu shayi suka miƙe suna leƙe. "Jama'a ku shaida, Hajiya ba ta yar da komai ba! Kwamfuta ce ta fi mu ilimi!" Ya ajiye mata lemo mai sanyi guda biyu. Akawun lauya ya dawo da aiki bai ƙara cewa zai karanta ba. Sunan ya koma mazauninsa, har ya fi da, don yanzu cewa ake yi ta kama kwamfuta da hannu dumu-dumu.

Saura roƙon na'ura. Kwana biyu tana shiga lungu-lungu na manhajar, tana buɗe wannan tana rufe wancan. Ta tarar da abubuwan da ba ta nema ba, har da inda ake sa ƙwayoyi su yi ja ko kore, ta ɓata rabin awa a nan don jin daɗi kawai. Ta fara gano cewa za ta iya kama ƙwaya ɗaya ta tilasta wa alamarta fitowa, amma sai ta zo a cikin baka biyu kamar mai jin kunya, kuma sai an bi su ɗaya-ɗaya. Ta ce a'a, Ba'ana zai tambayi mene ne bakan. Can cikin saitin rubutu ta iske wurin da ake zaɓar tsawon ran alama. Zaɓi uku ne a jere. Na farko, alama ta riƙe har bango, shi ne aka kunna tun asali. Na biyu, a riƙa tunatarwa a cikin baka. Na uku, kowace ƙwaya ta ɗauki tata. Ta zauna tana kallon na ukun. Ashe a wata ƙasa can akwai waɗanda suka yi tunani irin na Baba Dzarma, har aka yi musu gurbi! Ta so ta san su wane ne, su ma kanikawa gare su? Ta danna. Shafukan suka yi ƙyaf, tsanuka da ludaya suka fito tamkar an kira sunansu.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ta buga sababbin takardu. Wannan karon ta ɗauko rular. Ta ƙirga don ta ji daɗin cikar lissafin: ɗari biyu da goma sha uku.

Ta goge tabarau ta sake. Ɗari biyu da goma sha uku. Ta ce wataƙila littafin ta ƙirga ba daidai ba, ta koma masa: ɗari biyu da goma sha huɗu, bai motsa ba. Sai ta jera su gefe da gefe ta fara bi daga ƙasa zuwa sama. A waƙa ta huɗu, rabon babban ƙaho, ɗaki na goma sha tara, ta same shi. Tsani ne a gaban ƙwayar farko, baƙi ƙirin, ruwa bai ko taɓa wurin ba. A nata bugun ƙwayar tana zaune tsirara. Ita kaɗai ce irinta a ɗakin, babu wata da ta riga ta da za a ce na'ura ta ɓoye. Ba a taɓa danna shi ba. Baba kuma bai ji ba, don ɗan lasifikan nan ba ya iya fitar da muryar babban ƙaho.

Na'ura ta haɗiye sittin da biyu. Ɗayan nata ne.

Gyaran bai ɗauki minti ɗaya ba, ta danna, ta sake buga shafin, lissafi ya cika. Tsohon bugun ma tuni Chibueze ya kwashe shi, ya ce matarsa ta naɗe ƙosai da shi. Duk duniya ba mai sani. An riga an wanke ta a bakin titi, da shaidu. Ta ce wa kanta ai takardar da za ta miƙa gobe ba ta da aibi, me ya rage? Ta ce kuma ai ba ƙarya za ta yi ba, shiru kawai za ta yi. Ta kawo hujja ta kai goma, kowacce da ƙafafunta. Amma duk lokacin da ta tuna Chibueze yana cewa jama'a su shaida, sai ta ji lemon nan ya dawo mata wuya.

Asabar da la'asar ta je gwajin da kanta, karo na farko. A filin wata firamare suke yi, ƙarƙashin bishiyoyi, mutum goma sha huɗu a kan bencin 'yan makaranta, gwiwoyinsu sun kusa taɓa haɓa. Da suka hango ta mai ganga ya sakar mata kirari da sanda, Chibueze ya busa wata 'yar gajeriyar tarba. Ta raba takardu, kowa ya duba nasa yana gyaɗa kai, ga alamominsu sun dawo gida. Baba ya ɗaga sandarsa zai ba da umarni.

"Baba, a ɗan dakata. Ina da magana."

Aka sauke ƙahoni.

"An ce ban yar da komai ba. Ba haka ba ne. Sittin da biyu na'ura ce ta ɓoye. Guda ɗaya ni na tsallake shi, da hannuna, kuma ban bi da rula ba balle in gani. A takardar Ba'ana yake, waƙa ta huɗu. Na gyara, amma ni na yi."

Chibueze ya buɗe baki, ya rasa abin cewa, abin da ba a saba gani ba. Wani tela ya ce a hankali, "Haba Hajiya, guda ɗaya, wa zai sani?" Ta san kafin gobe maganar za ta kai bakin masu shayi, kuma daga yau in an ce ba ta yar da ɗigo, akwai wanda zai ce sai dai guda. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, ba ta kuma ɓoye ba, fuskarta ta nuna.

Baba Dzarma ya juyo da fuskarsa wajen da muryarta take.

"Ɗaki na nawa?"

"Na goma sha tara."

"Ba'ana, busa mata. Yadda na rubuta tukuna, sannan yadda ta buga."

Ba'ana, wani gajeren dattijo da ƙahon ya naɗe shi kamar zai haɗiye shi, ya gyara zama, ya bi takarda da yatsa har ya sami wurin. Ya cika kumatu. Sauti huɗu suka fito masu kauri, har benci na rawa, suka hau suka zauna lafiya. Ya numfasa, ya sake. Sauti huɗun dai ne, sai dai na farkon ya ɗan zame ƙasa kaɗan, kamar mai taka matakala ya tarar babu ita a inda ya zata.

Ya Hajara ta tsaya da baki buɗe.

"Shi ke nan? Ɗan wannan?"

"Shi ke nan," in ji Baba. "Rabin taki."

Ta jujjuya abin a kunnenta. Ƙanƙani ne, wallahi ƙanƙani, wanda ke wucewa a titi ba zai ko waiga ba. Amma yanzu da ta ji, ta san ko cikin barci aka busa shi za ta gane. Idonta ya kawo ruwa, ta cire tabarau ta riƙe a hannu.

"Ba'ana, don Allah sake min."

"Na daidai, Ya Hajara?"

"A'a," in ji ta. "Nawa."

Ba'ana ya dubi Baba, Baba ya gyaɗa kai. Ya ɗaga ƙahon ya busa mata kuskurenta, a hankali, mutum goma sha uku suna jira, ita kuma ta tsaya ta saurare shi har ƙarshe.